Kumburin Wuyan Yayana Idi

Duk wanda ya tashi a Jibiya a shekarun nan na gab da mulkin kai, in bai san fuskar Idi ɗan kamasho ba, to ya san muryarsa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina so in ba da labarin ciwon da ya ɗauke shi, domin har yau ina ganin mutane da kumburi a wuya suna cewa ai maƙoƙo ne, ba ya kisa. Mu ma haka muka ce.

Aikin Idi a tasha yake, inda motocin gyaɗa ke tsayawa kafin su ƙetara Maradi ko su nufi Katsina. Shi ke kiran fasinja, shi ke sasanta direba da mai kaya. Gidanmu ba nisa da tashar, wani fili ne kawai da gidaje biyu a tsakani. In ya buɗe baki ya ce "Katsina birni, saura mutum ɗaya," har kajin gidanmu sai sun ɗaga kai. Kuma ƙarya yake yi, motar ko rabi ba ta yi ba. Na sha gaya masa cewa da wannan mutum ɗayan za a fara yi masa tambaya a kabari, sai ya yi dariya ya ce bakin nan nawa ne ya kashe mini aure. Lokacin ina gida ina zawarci, kuma akwai gaskiya a maganarsa, amma ba duka ba.

Idi shi ne ɗan fari a wurin Inna. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan kalma ba. Tun da aka yaye shi aka kai shi Magama wurin kakarmu, bai dawo ba sai da mahaifinmu ya rasu ya zo ya riƙe gida. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama inda yake zaune. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "wancan" ko "na tasha". In ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya fuska ta amsa kamar da bango take magana. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a zamanin macen da ta fi kunyar ɗan fari ita ake yabo. Inna kuwa har misali ake yi da ita a unguwarmu. Amma ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san abin da ba su sani ba. Ga kurna a tsakar gida da inuwarta mai sanyi, amma kullum da hantsi sai ta ja tabarma da kayan kaɗinta zuwa gindin katangar da ke kallon tasha, wai nan ta fi ganin zare.

Ciwon ya fara ne a tsakiyar cinikin gyaɗa, lokacin da ɗan kamasho ba ya samun zama. Mura ce ta fara kama shi, da ɗan ciwon maƙogwaro. Inna ce ta fara ganewa, tun kafin shi kansa ya ɗauki abin da muhimmanci. Tana zaune a gindin katangarta ta ce, "Rabi, yau tasha babu mota ne?"

Na ce motoci sun ma fi na jiya yawa.

Ta ce, "To."

Kashegari akushinsa ya dawo da tuwon yadda aka zuba, miya kawai ya kurɓe. Matarsa Hurera, wadda cikinta na fari ya riga ya tsufa, ta ce mini haɗiya ce ke ba shi wahala. Inna ta ɗaga marfin akushin ta duba, ta rufe, ta ce da iska, "Tuwon gidan ga ya daina daɗi, ga alama." Iyakar abin da al'ada ta bar mata ta faɗa ke nan. Hurera ta shiga ɗaki tana hawaye, ta zaci girkinta ake kushewa. Ni ma haka na zata.

Idi da kansa cewa ya yi ihun tasha ne, kwana biyu zai wuce. Da ma yana da ɗan maƙoƙo tun yana saurayi, ƙarami, ba ka ganinsa sai ya ɗaga kai. Gadon gidan su Inna ne, kakarmu na da shi, Kawu na da shi. Saboda haka da gefen hagu na wuyansa ya fara tasowa, babu wanda gabansa ya faɗi.

A mako na biyu Kawu ya zo daga Magama. Wan Inna ne, kuma tun rasuwar mahaifinmu maganarsa ce magana. Ya dubi wuyan Idi, ya shafa nasa maƙoƙon da ya kai girman ludayi, ya ce, "Ga nawa nan tun kahin a haihe ka, ban mutu ba. Ciwon haɗiyar kuwa beli ne." Aka kira wanzami ya cire beli. Idi ya yini yana tofar da jini, haɗiya ba ta sauƙaƙa ba. Aka yi masa ƙaho a ƙeya. Daga nan kowa ya zama likita. Mai cewa citta da kanumfari, mai cewa zuma da kanwa, wata tsohuwa ta kwaɓa ƙasar shuri ta ce a shafa. An sha rubutu, ko in ce an ɗiga masa, don kurɓa ɗaya sai ya runtse ido ya dafe ƙasa. Wani abokinsa ya kawo ƙwayoyi daga Maradi a cikin kwalba mai rubutun Faransanci da babu mai iya karantawa a cikinmu. Wasu kuma suka rantse abokan hamayyarsa na tasha ne suka ɗaure masa murya. Duk wanda ya kawo shawara da zuciya ɗaya ya kawo ta, ban riƙe kowa a rai ba. Amma kowace shawara sai ta ci kwana biyu ana jiran a ga aikinta.

Kafin makon ya ƙare wurin ya yi ja, yana sheƙi, in ka kai hannu kusa sai ka ji zafi kamar ka kusanci murhu. Zogin yana harbawa har cikin kunnensa. Ba ya iya miƙe wuya, kullum haɓarsa na kan ƙirji, in za ya dube ka sai ya juyo da jikinsa duka. Yawu ma ya gagare shi haɗiya, sai muka ajiye masa tasa a gefe. Zazzaɓi kuwa in ya taso har gadon karan da yake kai sai ya riƙa motsi. Ni ke shafa masa ruwa, don an hana Hurera wahala. In na fito daga ɗakinsa sai in tarar da Inna tana share wurin da ta riga ta share, dab da ƙofar. Ba ta tambaya. Ni kuma na koyi yin magana da Hurera da ƙarfi, in faɗi yadda ya kwana da abin da ya sha, don mai shara ta ji.

Da Kawu ya ga kumburin ya nuna, sai ya sake kiran wanzami ya ce a yi sakiya, wato a gasa ƙarfe a huda wurin mugunya ta fita, yadda ake yi wa ƙurji a cinya. Wanzamin ya taɓa wurin a hankali, ya daɗe yana taɓawa, sa'an nan ya mai da kayansa cikin zabira. Ya ce, "Wanga ba wurin ƙarhe ba ne. Jijiyar rai na nan kusa, ina jin ta tana bugawa. Ni ban taɓa shi. Ku kai shi asibiti." Kawu ya ce masa matsoraci. Har yau ina sa wanzamin nan a addu'a.

Mako na uku muka fara zuwa ɗakin shan magani na garinmu. Muka yi layi tun safe, malamin ya leƙa bakinsa, ya shafa masa wani shuɗin magani a maƙogwaro, ya ba mu ƙwayoyi. Ƙwayar da mutum ba ya iya haɗiyewa, ina amfaninta? Na riƙa daka ta ina jiƙawa, rabi ya shiga rabi ya dawo. Da muka koma, malamin ya ji yadda numfashinsa ya fara ƙara, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai babban asibiti. Nan ma aka ɓata yini ana gardama. Abokansa suka ce Maradi, wai likitan Faransa ya fi hannu. Wasu suka ce ƙetarawa da majinyaci sai an sha tambaya wurin 'yan duwan, wato kwastan na wancan ɓangaren, ga shi ba mu jin yarensu. A ƙarshe aka tsaya a kan Katsina. A ranar Inna ta aika aka sayar da tunkiyarta, ta ce wai ta cika ɓarna. Da na zo ɗaura kaya na tarar da ƙullin kuɗin a cikin kwandona.

Wani direba da Idi ya daɗe yana cika wa mota ya ce shi zai kai mu, ba ya karɓar ko kwabo. Kafin mu fita Idi ya ce a riƙe shi ya je ƙofar Inna. Ya durƙusa da ƙyar. Muryar da ake ji daga tasha, sai da na sunkuya na ji ta.

"Inna, mun tahi."

Fuskarta na bango ta ce, "A sauka lahiya."

Ina tsaye ta gefe, na ga hannunta ya damƙe bakin tabarma har kabar ta karye.

A kan buhunan gyaɗa muka kwantar da shi, ni da Kawu muna tare shi ta kowane gefe. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ji shi a jikina. Mun isa birni da hantsi, muka tarar da layi ya zagaye bishiyoyin asibitin, masu gyambo, masu tari, mata da yara a goye. Muka zauna har aka yi azahar ba mu matsa ko rabi ba. Na je na roƙi mai tsaron ƙofa, ya ce kowa da ka gani nan ciwo ya kawo shi. Allah ya taimake mu wani malamin asibiti ya zo wucewa, ya ji ƙarar numfashin Idi, ya tsaya cak. Bai tambayi kowa ba, ya kama shi ya shige da mu.

Likitan Bature ne, siriri, Hausarsa kaɗan ce, malamin nan ke yi mana tafinta. Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki. Ruwa ya ba Idi ya ce ya kurɓa, ya tsura wa wuyan ido. Da Idi ya haɗiya, kumburin ya yi sama ya dawo. Likitan ya gyaɗa kai. Ya danna nan ya danna can, ya saurari ƙirji, sa'an nan ya ɗauko allura ya soka a tsakiyar kumburin ya ja. Mugunya ce ta cika ta, rawaya, mai kauri. Ya ɗaga ya nuna mini.

Malamin ya bayyana mana cewa akwai wata tsoka a gaban maƙogwaro da kowa ke da ita, likita na kiranta tayirod, kuma ita ce in ta girma muke cewa maƙoƙo. Ya ce maƙoƙo shi kaɗai ba ya zafi, ba ya ja, ba ya sa zazzaɓi. In ya yi haka, to ƙwayoyin cuta sun shiga cikinsa sun yi ƙurji, watakila daga ciwon maƙogwaron da ya fara yi. Za su duba mugunyar a madubin likita su san irin ƙwayar, za a fara yi masa allura yanzu, amma allura ba ta isa ba tunda ƙurjin ya tara. Sai an tsaga an fitar. Sai likitan ya dube ni, ya yi magana da Hausarsa ba tare da tafinta ba, ya ce, "Don me kun daɗe?" Har yau tambayar ba ta bar kunnena ba.

Kawu ya miƙe tsaye. Ya ce, "A kwantar da Musulmi da ranshi a sa mashi wuƙa a wuya? Rago ne? A yi allurar, in kwana ya ƙare ya ƙare, amma ba da yawuna ba."

Likitan ya ce majinyacin ba yaro ba ne, shi zai faɗa. Duk muka juya ga Idi. Ya yafuto ni da hannu, na kai kunnena bakinsa.

"Mi Inna ta ce?"

Na ce, "Yaya, ka san Inna ba ta cewa komi. Ka yarda kawai, don Allah."

Ya girgiza hannu. Na yi roƙo, na yi faɗa, na ce masa taurin kai ne zai kashe shi ba ciwo ba. Bai sauya ra'ayi ba. A lokacin haushi na ji. Daga baya na gane cewa mutumin nan ya yi rayuwarsa duka yana jiran kalma ɗaya daga wurinta a kansa, kuma ba zai tsallake maganar Kawu ya miƙa wuyansa ba sai da ita. Likitan ya ce mugunya ba ta jira, in ba a buɗe mata hanya ba za ta nemi tata, kuma ƙasa take gangarawa.

Na bar Kawu da shi na hau motar yamma na koma Jibiya. Na tarar da tsakar gidanmu cike da mata 'yan dubiya. Da na sami Inna ita kaɗai, watakila da abin ya zo da sauƙi. Amma ba ni da haƙurin jira, a gabansu na faɗi komai, na ce ita ake jira.

Inna ta dubi ƙasa ta ce, "Mi nawa a ciki? Ai shina da kawu."

Wata daga cikin matan ta ce, "Kai, Hassu akwai kunya." Hassu sunan Inna ne. Sauran suka gyaɗa kai suna yabawa.

Na ce, "Inna, ɗanki ne ke mutuwa."

Wata tsohuwa ta ce mini marar ta ido, ta ce da ma an ce bakina ya fi ƙarfina. Inna ba ta ɗago kai ba. Na shige ɗaki na yi kukana, ban sake yi mata magana ba.

Da gari ya waye ban gan ta a gida ba. Na ɗauki kwandona na tafi tasha raina a ɓace. Da na leƙa bayan motar Katsina sai ga ta a zaune a kan buhu, da ƙullin kayanta a cinya, ta ja mayafi har goshi. Matar da ba ta taɓa shiga mota ba. Na ce, "Inna, ina za ki?" Ta ce, "Za ni birni sayen allurar ɗinki." Na hau na zauna kusa da ita. Motar nan ba ta cika ba sai bayan azahar, don wanda aka sa a madadin Idi muryarsa ba ta wuce inuwar motar. Muna zaune rana na dukanmu, fasinja na shigowa ɗaya ɗaya, ina jin kamar in tashi in yi kiran da kaina.

Mun isa da la'asar. Inna ta tsaya a ƙofar ɗakin majinyata maza, ta ba ɗakin baya. Kawu ya fito. Tun da nake ban taɓa jin ta musa masa ba. Ta ce, "Yaya, a bar likita ya yi aikinshi." Kawu ya buɗe baki zai yi magana, sai ta ɗaga murya tana kallon ginshiƙin baranda, ta ce, "A gaya ma wancan, ni na ce." Ba sai an gaya masa ba, gadonsa na kusa da ƙofa. Na ga ya rufe ido, hawaye na gangarowa ta gefen kunnensa. Kawu ya ɗauki sandarsa ya koma gindin bishiya.

Da safe aka shiga da shi ɗakin tiyata. Sun shaƙa masa maganin barci, suka tsaga wuyan ta gaba, a kwance, daidai inda fata ke naɗewa. Malamin ya fito da tasa ya nuna mini abin da aka fitar, na kau da kai don wari. Suka bar wata 'yar roba a cikin ciwon don sauran ya riƙa tsiyayewa, kullum a canza auduga, allura kuwa safe da yamma da tsakani har aka rasa wurin sokawa. Amma numfashinsa ya daina ƙara. Kwana biyu ya kurɓi kunu ya haɗiye ba tare da ya dafe gado ba. Muryar ce ba ta dawo ba, sai raɗa. Likita ya ce ƙurjin ya danne jijiyar murya, mai yiwuwa ta farfaɗo. Ran da aka kawo sabon majinyaci, gado ɗaya ya rage babu kowa a ɗakin, Idi ya yafuto ni ya raɗa mini, "Saura mutum ɗaya." Na yi dariya har mai gadon kusa ya harare ni. A ranar na sa a raina mun tsira.

Inna ba ta koma gida ba, ba ta kuma shiga ɗakin ba. Ta shimfiɗa tabarmarta a waje cikin 'yan jinya, daidai ƙarƙashin tagar da gadonsa yake. Ta kafa duwatsu uku tana dama kunu, ta tace shi da ƙyalle har ya zama kamar ruwa, ta miƙo mini ta ce, "Ya yi mani yawa, kai ma masu so." Zaman birni ya ci mu. Itace saye, ruwa sai ka yi layi, mai tsaron ƙofa kuma in ba lokacin dubiya ba ne ko kuka kake yi ba ya buɗewa. Kuɗin tunkiya ya ƙare, Inna ta ba ni tasoshinta biyu na aure da ta ƙullo a kayanta na kai kasuwa. Amma ba zan yi butulci ba. Malamin nan ya riƙe mu kamar danginsa, likitan kuma kullum sai ya zo da kansa ya buɗe ciwon ya duba.

A mako na biyar zazzaɓin ya dawo, kuma wannan karon ƙirjinsa yake nunawa. Likitan ya ƙwanƙwasa, ya saurara, fuskarsa ta canza. Suka sake shiga da shi, suka zurfafa tsagar, suka sa wata robar. Da ya fito ya kira ni gefe tare da malamin. Ya ce tun kafin aikin farko mugunyar ta riga ta gangara bayan ƙashin ƙirji, inda wuƙarsa ba ta kaiwa. Ya ce da mun zo tun makon fari, watakila allura kaɗai ta isa. Na tambaya ko kwana biyun nan da muka yi muna jiran Inna su ne suka jawo. Malamin ya dube ni, bai juya wa likitan tambayar ba. Ya ce, "Ki yi haƙuri, ki je ki zauna da shi." Ban taɓa gaya wa Inna na yi wannan tambaya ba.

Ranar Juma'a da la'asar malamin ya zo da kansa ya buɗe mana ƙofa, alhali ba lokacin dubiya ba ne. Na gane. Kawu ya zauna a wajen kansa yana karanta masa kalmar shahada. Idi idonsa biyu, yana ta duban taga. Na fita na zagaya. Inna na zaune da ƙwaryar kunu a gabanta, ba ta ko tace ba.

Na ce, "Inna, in za ki zo, yanzu ne."

Ta wanke hannunta, ta gyara mayafi, ta bi ni. Ta ratsa tsakanin gadajen maza ba ta dubi kowa ba. Ta zauna a bakin gadonsa, ta ɗora tafinta a goshinsa, ta dube shi sosai, yadda mace ke duban jaririn da aka miƙo mata. Sa'an nan ta ce, "Idrisu."

Cikakken sunansa na yanka, wanda ko mu ba mu kiransa da shi. Leɓunansa suka motsa. Na ga na'am ɗin a bakinsa, amma ko raɗar ba ta fito ba. Ya sake gwadawa.

Inna ta ce, "Na ji."

Hannunta na goshinsa har ya cika, kafin a kira magariba. A Katsina aka binne shi. Kawu ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, kuma bai sake ba kowa shawarar magani ba har ya mutu da tsufansa da maƙoƙonsa. Inna ba ta zubar da hawaye ba, ko a can ko a zaman makoki, don uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane. Mata suka yi ta yaba dauriyarta. Duk lokacin da na ji yabon sai in tashi in bar wurin, don kada bakina ya sake jawo mini.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe kaɗan ne. Kumburin wuya in ya yi zafi, ya yi ja, ya zo da zazzaɓi, ya hana haɗiya, ko mutum ya gaji maƙoƙo tun daga kakanni, a kai shi asibiti a makon. Kada a cire beli, kada a jira ƙaho, kada a bari ya nuna. Kuma wanda ya fara ganin alama ya faɗa da bakinsa, a fili, ko wane ne shi a wurin majinyacin. A gidanmu wadda ta fara gani ita ce aka ɗaure wa baki.

Hurera ta haihu kafin a yi arba'in, namiji. Inna da kanta ta aika wa liman ta ce a sa masa Idrisu. Mata suka ce to sai a riƙa kiransa Magaji, tunda sunan ya yi wa uwar nauyi biyu, ga na miji ga na ɗan fari. Inna ta ce kowa ya kira abin da ya ga dama. Ta juya ga Hurera a gabansu ta ce, "Ke kuma ɗanki ne. Ran da ya ƙi cin tuwo, ki tambaye shi da bakinki." Daga ranar aka daina misali da kunyar Inna a unguwarmu, wasu ma cewa suka yi mutuwar ta taɓa ta.

Ta daina zama a gindin katanga, ta dawo inuwar kurna da yaron. Tun bai san sunan nasa ne ba take kiransa, safe da yamma, da dalili da babu dalili. Wata rana da hantsi, bayan an yaye shi, yana can bakin rumbu yana wasa da ƙasa, ni ina tankaɗe. Inna ta ce, "Idrisu." Yaron bai ko waiwayo ba, ya ce, "Na'am."

Ludayin da ke hannunta ya faɗi. Ta zauna a kan turmin da ke kife, ta yi kukan da ba ta yi ba a Katsina, da murya, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Yaron ya tsorata ya zo ya riƙe zanenta. Ta share fuska da bakin mayafi, ta sake kiransa, ya sake amsawa.